Me ya sa irin gwaiba ke tsirowa a bola ya ƙi tsirowa a leda?

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san gwaibar da ba wanda ya shuka ta. Tana fitowa a gindin katanga, a bakin kwata, a gefen bola ko bayan garken shanu, ta yi kore shar ba tare da an taɓa zuba mata ruwa ba. Shi kuwa mai renon itatuwa sai ya jera leda 500, ya cika su da ƙasa, ya zuba iri, ya yi ta ɗawainiyar ban ruwa safe da yamma, bayan wata guda ya tarar da kyar rabi suka leƙo. Su ma ba a tare suka fito ba: wannan ya yi ganye huɗu, na kusa da shi yanzu yake fasa ƙasa, na gaba shiru kake ji. Cikin waɗanda suka fito ɗin ma sai wasu su kwanta kafin su yi mako biyu. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne irin ba shi da kyau. Wani lokaci haka ne. Amma galibi irin lafiyarsa ƙalau, abin da aka zuba shi a ciki ne ya cinye shi.

Gwaibar bola tana da bayani. Ƙwayar ta bi ta cikin tsuntsu ko jemage ko saniya ko ɗan Adam, tsokar da ke manne da ita ta narke tas, ta faɗo a saman ƙasa inda haske ke taɓa ta, cikin danshi da sharar da ta daɗe da ruɓewa. Kuma wadda ta rayu kaɗai muke gani. Gwaiba ɗaya tana ɗauke da ƙwaya fiye da 100, wata har ta kai 500, don haka dubbai sun faɗi sun mutu a wurin kafin guda ta kai labari. Mai reno ba shi da wannan yalwar. Ya sayi leda, ya biya mai baro, ya ɗebo ruwa daga rafi ko rijiya, yana buƙatar mafi yawan abin da ya shuka ya fito, ya fito tare, ya kuma rayu.

Asalin gwaiba daga yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, Turawan Sifen da na Fotugal suka yaɗa ta a duniya, amma ta karɓi ƙasarmu sosai. Tana jure fari fiye da lemo, ba ta da zaɓen ƙasa, kuma a cikin giram 100 nata akwai bitamin C fiye da miligiram 200, kusan ninki 4 na abin da ke cikin lemon zaƙi. Ga mai ɗan fili a Rigachikun ko Kujama ko Maraban Jos, itace ce mai saurin biyan wahala. Tun daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin takin zamani, aka kuma cire tallafin mai a 2023, hankalin manoma ya koma kan takin gargajiya, an kuma fara jin labarin garin magani mai ɗauke da ƙananan halittu masu rai da ake cewa yana sa iri ya tsiro. A Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman gwaiba, an daɗe ana gwada waɗannan abubuwa a wuraren reno. Ra'ayina shi ne taki da halittun duka suna da amfani na gaske, sai dai kowanne da aikinsa da lokacinsa, kuma wanda ya fara da sayen gari a shago kafin ya gyara irinsa da takinsa ya fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe.

Cikas na farko yana jikin ƙwayar. Wanda ya taɓa tauna ta ya san taurin ɓawonta. Iri ba ya farkawa sai ruwa ya ratsa shi, wannan ɓawon kuwa yana jinkirta ruwan, kuma kaurinsa ya bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Shi ya sa wasu ke fitowa a mako 2 ko 3, wasu su kai mako 8. Maganin wannan ba ya cin ko sisi. A tsinko gwaibar da ta nuna sosai a bishiya mai lafiya, a murje ƙwayar a rariya har tsokar ta fita gaba ɗaya, domin zaƙin da ya rage a jikinta shi ke gayyato fumfuna da tururuwa. A shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, a shuka da wuri. Irin da ya shekara a leda a ɗakin kwano ya sha zafin Maris da Afrilu, ƙarfinsa ya ragu. Kafin shuka a jiƙa shi a ruwa kwana 1 zuwa 2 ana sauya ruwan, a zubar da waɗanda suka taso sama. Akwai masu tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, akwai masu bincike da ke ƙona ɓawon da ruwan batir mai ƙarfi. Duka suna aiki a hannun gwani, amma ban ga dalilin da zai sa mai reno a bakin titi ya jefa irinsa ko idonsa cikin haɗari ba.

Sai zurfi da yanayi. Ƙwayar ƙarama ce, tana kuma son ɗan haske, don haka rabin santimita zuwa santimita 1 ya ishe ta. Ta fi saurin tsirowa idan ɗumin ƙasa yana tsakanin digiri 25 da 30 a ma'aunin Salshiyas. A tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, sanyin daren Kaduna da Zariya yakan sa ta kwanta ta yi ta jira, kuma duk kwanan da ta ƙara a jiƙaƙƙiyar ƙasa dama ce ga abin da zai ruɓar da ita.

A Indiya wasu na jiƙa irin a kwaɓaɓɓen kashin shanu ko a fitsarin saniya da aka sirka da ruwa, kuma akwai gwaje-gwajen da suka nuna yana saurin fitowa. Dalilin ba boyayye ba ne: danshi yana daɗewa a jikin ɓawon, halittun da ke cikin kashin suna ɗan cin sa. Sai dai ni ina ganin kaso mai tsoka na wannan nasarar na ruwan ne kansa, don haka wanda zai gwada ya ajiye wani irin a ruwa zalla a gefe ya kwatanta.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba game da taki. Iri ba ya buƙatar abinci daga waje kafin ya tsiro, da guzurinsa yake zuwa. Abin da yake nema ruwa ne da iska da ɗumi. Saboda haka aikin taki a wannan matakin shi ne gyara jikin ƙasa. Ƙasar yankinmu, daga Igabi zuwa Giwa da Soba, ruɓaɓɓen abu ya yi ƙaranci a cikinta, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Zuba jar ƙasa zalla a leda ka yi mata ban ruwa na mako guda, za ka ga samanta ya yi ɓawo, in ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji tauri, ruwa ya riƙa kwanciya a kai yana gangarewa ta gefen ledar. Tsiron gwaiba siriri ne, ba shi da ƙarfin fasa wannan. Ruɓaɓɓen taki yana sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe danshi ba tare da ta caɓe ba. Abincin da ke cikinsa sai daga baya zai yi amfani, idan guzurin ƙwayar ya ƙare, kuma na gwaiba ba ya jimawa.

Ɗanyen taki kuwa akasin haka yake yi. Yana ci gaba da ruɓewa a cikin ledar, yana fitar da zafi da iskar amoniya, wannan warin da ke shaƙe mutum a kejin kaji, kuma amoniya tana ƙona saiwar da ta leƙo. Gishirin da ke cikinsa yana janye ruwa daga jikin irin maimakon irin ya sha. Yana zuwa da 'ya'yan ciyawa da gwazarma, yana jawo gara. Kashin kaji ya fi kowanne wannan illa, domin naitirojin ɗinsa, sinadarin taki mai sa ganye ya yi kore, ya ninka na shanu sau biyu ko uku, kuma shi ya fi samuwa yanzu da gidajen kaji suka yawaita a kewayen Kaduna. Abin da ke sa masara ta yi duhu a gona shi ke kashe gwaiba 'yar kwana goma. Kashin shanu na Zangon Tudun Wada ko na rugar Fulani ya fi sanyi, na awaki da tumaki yana tsakani, amma ko wanne sai ya ruɓe.

Bushewa ba ruɓewa ba ce, kuma a nan ake yawan tafka asara. Kashin da ya bushe ƙayau a rana yana nan da ɗanyantakarsa, da ya sha ruwa zai farka. Ruɓewa na buƙatar a tara kashin da busasshen ganye, buntun shinkafa ko yankakken kara, a jiƙa shi daidai yadda in ka matse a hannu zai dunƙule ruwa bai zubo ba, a rufe da zana ko tsohon buhu, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Cikin 'yan kwanaki tsakiyar tarin zai ɗauki zafi, digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin ne ke kashe 'ya'yan ciyawa da yawancin cututtuka. Na ga wani dattijo mai reno a bakin Kogin Kaduna yana duba nasa. Ya naɗe hannun riga ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya ɗan jima, ya zaro ya sunsuna. Na ce, "Baba, ai wannan ya yi baƙi, ya isa." Ya girgiza kai ya ce, "A'a ɗana, cikinsa da sauran ɗumi. Sai na ji shi sanyi ƙalau, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko." Ma'aunin ke nan: ya huce, ya yi baƙi, yana marmashewa, ba ka gane kashi ko ganye a ciki. Yakan ɗauki wata 2 zuwa 3.

Wanda ke shakka ya cika gwangwani da takin haɗe da yashi ya watsa irin alayyafo. Cikin kwana 4 ko 5 zai ga amsa. In alayyafon ya fito kore ya miƙe, takin ya nuna. In ya ƙi fitowa ko bakin ganyen ya ƙone, a ƙara masa lokaci. Wajen haɗi, kwanon sarki 2 na ƙasar sama, 1 na yashin rafi, 1 na tankaɗaɗɗen taki yana yi wa leda daidai. In na kaji ne a rage rabi. Ni na fi son a fara yafa irin a ɗan kwami ko faranti mai yawan yashi a ƙarƙashin rumfa, sai ya yi ganye huɗu a ɗauke shi zuwa leda, don kada a yi ta shayar da ledojin da babu komai a cikinsu.

Abin da ke kwantar da tsiro bayan ya fito shi ne ya kawo mu ga ƙananan halittu. Je wurin reno da sassafe ka tsuguna. Za ka ga wani tsiro da jiya yake tsaye yau ya faɗi, ganyensa har yanzu kore. Ɗaga shi ka dubi daidai inda kara ya haɗu da ƙasa: wurin ya tsuke, ya yi ruwa-ruwa, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa. Gobe na kusa da shi su bi, cutar tana faɗaɗa a zagaye. Aikin wasu nau'o'in fumfuna ne da ke zaune a ƙasa, irin su Fitiyam da Raizoktoniya da Fusariyam. Sukan kuma ruɓar da irin tun yana ƙarƙashin ƙasa, mai reno ya ɗauka bai tsiro ba ne alhali ya tsiro an kashe shi kafin ya leƙo. Yawan ban ruwa, cunkoso, inuwa mai duhu da ɗanyen taki su ke ba su ƙarfi.

Ƙasa mai lafiya cike take da rai. A cokalin shayi ɗaya nata ana samun bakteriya daga miliyan 100 zuwa biliyan 1, kuma masu cutarwa ƙalilan ne a ciki. Wadda ta fi shahara cikin masu kare shuka wata fumfuna ce mai launin kore, Tirikodama. Tun 1932 wani masani a Amurka, Richard Weindling, ya bayyana yadda take naɗe zaren fumfuna mai cuta ta narkar da shi, kuma shi ma matsalar kwanciyar tsiron lemo a wurin reno ce ta dame shi. Tana da saurin yaɗuwa, tana riga mai cuta mamaye gefen saiwa ta cinye abincin wurin, tana fitar da sinadaran da ke hana shi girma, tana kuma zaburar da garkuwar shukar kanta. Wasu bakteriya kamar Basilus da Sudomonas suna irin wannan aikin, wasunsu kuma suna fitar da sinadarin da ke sa saiwa ta yi rassa da yawa. Akwai masu narkar da fosfaras, wani abincin shuka da ƙasa ta ƙulle, abin da ke da muhimmanci a nan domin jar ƙasarmu tana riƙe fosfaras ta hana shuka. Akwai Azotobakta, wadda Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya gano a 1901, mai kamo naitirojin daga iska, inda yake kashi 78 cikin 100. Gaskiya abin da take kamowa kaɗan ne, ba zai maye gurbin taki ba.

Maikoraiza daban take, kuma ita ce na fi sha'awa. Fumfuna ce da ke shiga cikin saiwa ta zauna, ta miƙa siraran zarurrukanta nesa cikin ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, ta kawo fosfaras da ruwa, shukar kuma ta ba ta sukari. Mafi yawan tsirran duniya suna da wannan alaƙa, gwaiba tana cikinsu. Amma sai akwai saiwa take fara aiki, don haka ba ta da hannu a fasa ƙwaya. Amfaninta yana bayyana bayan watanni, musamman ranar da aka fitar da dashen daga leda zuwa gona ya haɗu da ranin farko. Yawan takin zamani mai fosfaras yana sa shuka ta ƙi karɓar ta.

In aka duba gwaje-gwajen da aka yi a kan gwaiba da sauran itatuwan marmari, abin da ke yawan maimaituwa shi ne haɗin ruɓaɓɓen taki, musamman wanda tsutsar ƙasa, wato tana, ta sarrafa, da waɗannan halittu yana ba da tsiro mai sauri da dashe mai kaurin kara da yawan saiwa fiye da ƙasa zalla. Na yarda da wannan. Sai dai ina karanta shi da taka-tsantsan ta fuska biyu. Ƙarin da ake gani a yawan tsiro galibi ya samo asali ne daga irin da aka hana ruɓewa, don haka inda ƙasa ba ta da cuta sosai bambancin zai yi ƙanƙanta. Sannan halittar da ta yi fice a ƙasar Lakno ta Indiya ba dole ta yi fice a Afaka ta Kaduna ba, domin za ta tarar da wasu halittun 'yan gida, da wani zafi, da wata ƙasa.

Hanyar da ta fi dacewa da aljihun mai reno ita ce a hayayyafa halittar a cikin taki. Kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara ta rufe ƙwarya ta bar shi ya kama, haka ake yi da Tirikodama. Shawarar da ake ba manoma a Indiya ita ce a gauraya kilo 1 na garin da kilo 50 zuwa 100 na ruɓaɓɓen taki, a yayyafa ruwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa na mako 1 zuwa 2 ana ɗan juyawa. In tana da rai za a ga fari-fari ya bazu, daga baya ya koma kore. Wannan takin ake tankaɗewa a haɗa a ƙasar reno. Ana iya kuma shafe jiƙaƙƙen irin da ɗan garin kafin shuka. Sharaɗin shi ne tarin ya riga ya huce, domin zafin da ya kashe cututtuka zai kashe ta ita ma. Haka nan ba a haɗa ta da maganin wanke iri mai kashe fumfuna irin su Apron Star da manomanmu suka saba da shi a masara da gero, domin maganin bai san ta gari da muguwa ba. Ruwan famfo mai warin kulorin a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi.

Babbar matsalar tana shagon da ake sayar da garin. Abin da ke cikin fakitin mai rai ne, yawancinsa watanni kaɗan yake yi ko da an adana shi a wuri mai sanyi, kuma shagon kwano a bazarar Kaduna ba wuri mai sanyi ba ne. Mutum zai iya biyan kuɗi ya ɗauko farin gari wanda komai na cikinsa ya mutu, ya gwada, ya ga ba bambanci, ya yanke cewa maganar duka yaudara ce. Mai saye ya duba sunan halittar a rubuce, misali Trichoderma harzianum ko Trichoderma viride, da ranar da aka yi shi, da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC. Ya kuma tambaya kai tsaye: "Alhaji, yaushe wannan ya iso shagon, kuma a ina kake ajiye shi?" Fakitin da ke rataye a ƙofa rana na dukansa a bar shi. Wani abin lura, garin da ake shafa wa waken soya, mai ɗauke da Raizobiyam, na dangin wake da gyaɗa ne kawai, ba ya yi wa gwaiba komai.

Ba abin da zai hana a riƙa sarrafa garin halittu irin wannan a nan Najeriya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da NoduMax na waken soya, ta kuma samar da Aflasafe, shuɗiyar dawar nan da manoman masara ke watsawa a gona don rage gubar fumfuna. Duka halittu ne masu rai da aka sarrafa a Najeriya suka isa hannun manomi. A Samaru muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda tushenta ya faro tun 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga NAERLS mai aikin wayar da kan manoma a kusa da ita, ga kwalejin gandun daji a Afaka. Binciken itatuwan marmari kuwa yana hannun NIHORT ta Ibadan, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Abin da nake fata shi ne a zaƙulo Tirikodama da maikoraiza daga ƙasar gonakinmu, waɗanda suka saba da zafinmu, a gwada su a wuraren renon bakin titi, a sayar da su sabbi a ƙananan ƙunshi. Masu reno suna da yawa a Kaduna da Zariya da Kafanchan, kuma ta hannunsu kusan kowace bishiyar gida ke fitowa.

Wasu kan ɗebo ƙasa daga gindin tsohuwar gwaiba su haɗa a leda, da niyyar kwaso halittun da suka saba da ita. Tunanin yana da tushe, amma yana da haɗari. Akwai wata ƙaramar tsutsar saiwa da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, kuma wani nau'inta ya halaka gonakin gwaiba masu yawa a Burazil, an kuma tabbatar da shi a Najeriya a jikin doya. Ƙasar lambun da aka daɗe ana tumatir ko kuɓewa ko yalo a cikinta takan ɗauki danginta. Dashen da ya kamu tun a leda zai kai ta gonar duk wanda ya saye shi. Kafin a ɗebi ƙasa a tono 'yan saiwoyi a duba, in an ga kumburi a bar wurin. Hanya mafi aminci ta samun maikoraiza ita ce a shuka dawa ko masara a tsaftatacciyar ƙasa da aka haɗa da ɗan garinta, bayan wata 3 a yanke kara, a daddatsa saiwar a gauraya da ƙasar reno. Ga kuma wata dama da bazararmu ta ba mu kyauta: a shimfiɗa ƙasar reno, a jiƙa ta, a lulluɓe da farar leda mai nuna ciki a danne gefunan, a bar ta a ranar Maris da Afrilu na mako 4 zuwa 6. Zafin yana rage tsutsar da fumfuna mai cuta, sai a zuba takin da aka raya da Tirikodama ya riga su komawa. Tunkuzar darbejiya kaɗan a cikin haɗin tana ƙara taimakawa a kan tsutsar.

Gani ya kori ji, kuma gwajin ba shi da wuya. A ƙirga ƙwaya 300 daga iri ɗaya da aka jiƙa tare. A shuka 100 a ƙasa da yashi, 100 a haɗin da ke da ruɓaɓɓen taki, 100 a haɗin da aka ƙara wa halittun. Rumfa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. A rubuta adadin da ya fito duk mako, da adadin da ya kwanta, bayan wata 3 a zare biyar-biyar a wanke saiwar a jera su. In na uku bai fi na biyu ba, ko garin ya mutu ko ƙasar ba ta buƙatarsa, an kuma huta da sayensa.

Ko an yi nasara duka, gwaibar da ta fito daga ƙwaya ba lallai ta ɗauko uwarta ba. Ƙudan zuma na ɗauko garin fure daga wata bishiyar, kusan kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yan ta haka suke samuwa, shi ya sa mutum zai shuka ƙwayar babbar gwaiba mai zaƙi ya jira shekara 3 ko 4 ya sami ƙanana masu yawan ƙwaya. Hekta ɗaya a tazarar mita 6 tana cin bishiya kusan 277, ba abin yi wa caca ba ne. Amfanin dashen ƙwaya shi ne ya zama gindi da za a yi wa aure da reshen bishiyar da aka sani, yadda ake yi wa mangwaro. Ana yin auren idan karan ya kai kaurin fensir, wata 6 zuwa shekara, kuma a nan ne fitowa tare ke biya: dashen da suka tashi kai ɗaya ana aurar da su a mako ɗaya a sayar da su a damina ɗaya.

Gwaiba tana yawaita a kasuwa daga tsakiyar damina zuwa kaka, don haka sabon iri yana samuwa a Satumba da Oktoba, ƙasa kuma da sauran ɗumi. Wanda ya shuka a lokacin dashensa zai kafu kafin sanyi ya sauko. Wanda ya makara gara ya adana irin a busasshen wuri mai sanyi ya jira ƙarshen Fabrairu. Mai niyyar shuka a Oktoba tun Yuli zai tara takinsa, a kan ɗan tudu, ya yi masa rumfa ko ya rufe shi da kyau, domin ruwan Agusta yana wanke abincin da ke ciki ya kuma caɓe tarin har ya kasa ɗaukar zafi.